Ƙwallon lambu: daga wane mafari ya kamata mutum ya buga?

Bayaninmu na yau a kan wasan golf ne, wanda a Hausar rediyo ake ce wa ƙwallon lambu. Babu filin wannan wasa a Magarya ko a Dungas, wannan kowa ya sani. Amma da zarar an ƙetara iyaka, ko ta Tinkim ko ta Maigatari, ba shi da nisa. Akwai kulob ɗin golf na Kano da ke ƙirga kafuwarsa daga 1908. Akwai filin Dutse a jihar Jigawa, wanda marigayi Sarkin Dutse Nuhu Muhammad Sanusi ya kafa. Gaba kaɗan akwai na Rayfield a Jos tun 1913, da na Kaduna tun 1921, da filin IBB na Abuja da aka buɗe a 1991. A nan gida Nijar kuwa akwai filin Rio Bravo a bayan garin Yamai.

A irin waɗannan filaye ana ɗaukar matasa aikin riƙon jakar sanduna. Shi mai wannan aiki ana ce masa kadi. Wanda ya je ci-rani ya samu kansa a ciki, ko wanda zama a Turai ko Amurka ya sa abokan aiki suka gayyace shi wasa, tambayar farko da za ta tare shi tun kafin a ɗaga sanda ita ce: daga ina za a fara? Amsar a taƙaice: daga inda bugunka na kullum ya kai ka. Ba shekaru ke zaɓe ba, ba muƙami ba, ba kuma kasancewar mutum namiji ko mace ba. Ga bayanin dalla-dalla.

Wasan a taƙaice

Cikakken fili yana da rami 18. Wannan adadi daga garin St Andrews na ƙasar Sikotilan ya samo asali, inda aka tsayar da shi a 1764. Faɗin bakin kowane rami milimita 108 ne. Ƙwallon ƙarama ce, nauyinta bai wuce giram 46 ba. Ɗan wasa yana da izinin ɗaukar sanda har 14 a jakarsa, wasu na bugun nesa, wasu na kusa, ɗaya ta gangara ƙwallo cikin rami.

Abin da ake nema shi ne a jefa ƙwallo a kowane rami da bugu mafi ƙaranci. A nan mai ƙaramin lissafi shi ya ci, saɓanin ƙwallon ƙafa. Kowane rami yana da adadin bugun da ake sa ran gwani zai yi, ana ce masa par. Gajeren rami par 3, matsakaici par 4, dogo par 5. In an haɗa duka 18, yawanci 70 zuwa 72 ake samu. Mutum huɗu in suna tafiya yadda ya kamata, kamar awa huɗu suke yi su gama zagaye.

Mene ne mafari?

Turawa suna da kalma ɗaya, ti, amma abu biyu take nufi.

Na farko ɗan tsinke ne na itace ko roba da ake soka wa a ƙasa a ɗora ƙwallo a kai don bugun farko. Doka ta ce tsawonsa kada ya wuce inci 4, wato santimita 10 da ɗan ɗoriya. A da can babu shi. Jiƙaƙƙen yashi ake tarawa da hannu a ɗora ƙwallo, kamar yadda yara ke yi a bakin tabki. Wani likitan haƙori baƙar fatar Amurka, George Grant, ya yi rajistar irin nasa tsinken na itace a 1899.

Na biyu shi ne wurin da ake tsayawa a yi wannan bugu na farko. Shi ne muke kira mafari a wannan bayani. Ana gane shi da alama biyu masu launi ɗaya da aka ajiye a ƙasa, ɗaya dama ɗaya hagu. Kowane rami yana da mafari fiye da ɗaya, sau da yawa uku zuwa biyar, a jere, wani a bayan wani. Ramin dai ɗaya ne, amma wanda ya tashi daga mafarin baya yana da tafiya mai tsawo fiye da wanda ya tashi daga na gaba. Tazarar mita 30 ko 40 a rami guda kamar ba komai ba ce, amma in ka tara ta sau 18 sai ka ga ta haura rabin kilomita. Tsakanin mafarin can baya da na can gaba kuwa, a manyan filaye bambancin yakan wuce kilomita ɗaya.

Dalilin yin haka ba baƙon abu ba ne gare mu. A dandalin kokowa na ƙauye ba a haɗa yaro ɗan shekara goma sha biyu da ƙaton da ya yi noman damina goma. Kowa da tsararsa ake sa shi, shi ya sa ƴan kallo ke jin daɗi, shi ma yaron yake koyo. A golf ba a canza maka abokin karawa, filin ne abokin karawarka. Mafari shi ne hanyar da ake rage ko ƙara masa ƙarfi ya zo daidai da kai.

Launuka da ma'anarsu

Babu dokar duniya da ta tsayar da launi. Kowane kulob da nasa tsari, saboda haka kada a haddace launi a ɗauka ko'ina haka yake. Ga dai abin da aka fi gani.

A Faransa, daga baya zuwa gaba: baƙi, fari, rawaya, shuɗi, ja.
A Ingila: fari, rawaya, ja.
A Amurka: baƙi ko shuɗi a baya, fari a tsakiya, sai ruwan zinariya da ja a gaba.

Ku lura da shuɗi. A Amurka na ƙarfafa ne, can baya. A Faransa kuwa gaba yake. Wanda ya saba da wata ƙasa ya je wata, in bai duba ba sai ya yi kuskure.

An daɗe ana kiran jan mafari na mata, ana kiran mai ruwan zinariya na tsofaffi. Wannan suna ya cuci mutane da yawa, domin namiji sabon shiga sai ya ji kunyar tsayawa a wurin da ya dace da shi. Shi ya sa yanzu kulob da dama suka daina wannan kira, wasu ma lamba suke sawa maimakon launi. Mace mai dogon bugu tana iya tashi daga baya, saurayi mai koyo yana iya tashi daga gaba, babu dokar da ta hana.

Abin dubawa na gaskiya shi ne katin lissafi da ake ba kowane ɗan wasa. A jikinsa an rubuta tsawon kowane rami daga kowane mafari, da jimillar tsawon fili. Wasu filaye da mita suke awo, wasu da yadi. Yadin nan dai shi ne na atamfa, bai cika mita ba: yadi 100 daidai yake da mita 91.

Awo na farko: ina bugunka yake kaiwa?

Kafin a zaɓi mafari sai mutum ya san nisan bugunsa. Ba bugun da ya taɓa yi sau ɗaya iska na bayansa yake ta ba da labari ba. Na yau da kullum ake nufi. Hanyar sani mai sauƙi ce: a wurin atisaye ka buga ƙwallo goma da sanda ɗaya, ka ajiye mafi nisa da mafi kusa gefe, ka duba inda sauran suka taru. Nan ne gaskiyarka. Don ƙiyasi, tsawon filin ƙwallon ƙafa na manya kamar mita 100 ne zuwa 105.

Daga nan masu koyar da wasan suna da lissafi biyu na baka.

Na ɗaya: ɗauki nisan da kake yi da sandar ƙarfe mai lamba 5, ka ninka sau 36. Abin da ya fito shi ne tsawon filin da ya dace da kai. Misali, mai buga mita 140, sau 36, ya ba da mita 5,040. Mai buga mita 120 zai samu 4,320. Mai buga mita 160 zai samu 5,760.

Na biyu: ɗauki nisan babbar sanda mai ƙaton kai, wadda ake kira direba, ka ninka sau 28. Mai buga mita 180 zai samu 5,040.

Sai ka buɗe kati ka nemi mafarin da jimillarsa ta fi kusa da lambarka. In ka faɗo tsakanin biyu, ɗauki na gaba.

Teburin hukumomin Amurka

A 2011 hukumar golf ta Amurka, USGA, da ƙungiyar ƙwararrun masu koyarwa ta ƙasar suka fito da wani kira mai suna Tee It Forward, ma'ana matsa gaba ka buga. Tunanin ya fito ne daga wani mai ƙera sanduna, Barney Adams, wanda ya lura yawancin masu wasa suna buga filin da ya fi ƙarfinsu. Ga teburin da suka bayar, da yadi. Lamba ta farko nisan bugun direba, ta biyu tsawon filin da ya dace:

Yadi 275: fili mai yadi 6,700 zuwa 6,900
Yadi 250: 6,200 zuwa 6,400
Yadi 225: 5,800 zuwa 6,000
Yadi 200: 5,200 zuwa 5,400
Yadi 175: 4,400 zuwa 4,600
Yadi 150: 3,500 zuwa 3,700
Yadi 125: 2,800 zuwa 3,000
Yadi 100: 2,100 zuwa 2,300

Ga masu awo da mita, a cire kashi ɗaya cikin goma, za a zo kusa. Wato mai buga mita 183 filinsa yana tsakanin mita 4,750 da 4,950.

Hikimar teburin ita ce wannan. Gwanin da kuke gani a talabijin, bayan bugunsa na farko a rami mai par 4, abin da ya rage masa ɗan kaɗan ne, da gajerar sanda yake ƙarasawa. Haka mai zana filin ya nufa. In mai ƙaramin ƙarfi ya tsaya inda gwani ya tsaya, bugu biyu ba za su kai shi kusa da rami ba, ko da duka biyun sun yi kyau. Ya rasa par tun bai yi laifin komai ba.

Alamun cewa ka yi baya da yawa

Ko ba a yi lissafi ba, filin da kansa yana faɗa wa mutum. Ga alamu huɗu:

1. A yawancin ramuka masu par 4, kyakkyawan bugu biyu ba ya kai ka dandalin rami.
2. A ramuka masu par 3 kullum babbar sanda kake zarowa.
3. Akwai tabki, kwari ko ciyawa mai duhu a gaban mafari da ƙwallonka ba ta iya tsallakewa a sama.
4. Ƴan bayanku kullum a tsaye suke suna jiranku.

Ta uku ita ce mai cin aljihu. Ƙwallon golf daga waje ake shigo da ita, ba ta da araha. Wadda ta faɗa ruwa ta tafi. Wadda ta shige daji kuwa, tun gyaran dokoki na 2019 minti uku kacal aka ba ka ka neme ta. In ba a gani ba, a ƙara maka bugu ɗaya na tara, ka koma inda ka buga ka sake. Wato in daga mafari ta ɓata, bugun da za ka sake shi ne na uku. Ga asarar ƙwallo, ga asarar lissafi, ga ɓata wa mutane lokaci.

Akwai kuma alamar cewa lokacin ja da baya ya yi. In ka ga a kusan kowane rami da ƴar gajerar sanda kake ƙarasawa, rabin sandunan jakarka ba ka taɓa su, kuma lissafinka yana sauka a kai a kai, to ka koma mafari ɗaya baya. Ɗaya fa, ba biyu ba. Da rarrafe yaro kan tashi.

Matsawa gaba ba maguɗi ba ne

Wasu suna gudun mafarin gaba don kada a ce sun ci da sauƙi. Tsarin wasan ya riga ya toshe wannan ƙofa.

Golf yana da abin da ake kira handikaf, wato rangwamen bugu da ake yi wa mutum gwargwadon iyawarsa, don mai koyo ya iya karawa da gwani. Tun 2020 duniya ta koma tsari ɗaya, ƙarƙashin USGA da hukumar R&A ta St Andrews. Ana duba wasanninka 20 na baya-bayan nan, a ɗauki 8 mafiya kyau, daga nan a fitar da lambarka. Mafi girman lamba ita ce 54. Gwani yana kusa da sifili.

Shi ma kowane mafari ana auna shi a ba shi lamba biyu. Ta farko tana nuna bugu nawa gwani zai yi daga nan. Ta biyu tana nuna yadda wurin yake wahalar da matsakaicin ɗan wasa. Tana kamawa daga 55 zuwa 155, kuma 113 ita ce ma'auni.

Ga misali don a gane. A ce lambar mutum 20 ce, par na fili 72. Mafarin baya an auna shi 72.5 da 130. Na gaba kuma 68 da 115. Daga baya, za a ninka 20 sau 130 a raba da 113, a ƙara rabin bugu, sai a ba shi rangwamen bugu 24. Daga gaba, a ninka 20 sau 115 a raba da 113, a cire huɗu, rangwamensa ya dawo 16. Kun ga ke nan ya rage tafiya, an rage masa rangwame da bugu takwas. Bai cuci kowa ba. Saboda wannan ne uba da ɗa, ko miji da mata, suke iya tashi daga mafari daban-daban a wasa ɗaya, lissafi kuma ya fito daidai.

Rani, damina da iska

Tsawon da ke kan kati ba ya canzawa, amma fili yana canzawa da lokaci. Da rani ƙasa ta bushe ta yi tauri, ƙwallo in ta sauka sai ta yi ta gudu, fili ya zama kamar an rage shi. Da damina ƙasa ta jiƙe, ciyawa ta tashi, ƙwallo inda ta faɗi nan take tsayawa. Mutumin da mafarin tsakiya ya yi masa daidai a watan Maris yana iya buƙatar matsawa gaba a watan Agusta.

Iskar hunturu ma haka. In tana fuskarka tana cin nisa sosai. A kan tudu irin na Jos, da ya haura mita 1,200 daga teku, iska ba ta da kauri, ƙwallo takan ɗan ƙara nisa. A wuraren da ruwa ya yi ƙaranci kuma, kamar Rio Bravo na Yamai, dandalin rami ba ciyawa ba ne, yashi ne da ake lailayewa. Duk wannan abin lura ne ga baƙon fili. Ranar farko a sabon wuri, gara a fara daga gaba a san hanya tukuna.

Dokokin mafari da ya kamata a sani

Wurin bugu yana farawa daga layin alamun nan biyu, ya yi baya tsawon sanda biyu. Ƙwallo dole ta kasance a ciki. Shi ɗan wasa yana iya tsayawa a waje.

Ba a matsar da alamun kafin a buga.

In ƙwallo ta zame daga kan tsinke kafin a kai mata bugu, babu tara, a mayar da ita.

A wasan nishaɗi kowa yana da zaɓinsa. A gasa kuwa kwamitin gasa ne ke faɗin mafari. Wanda ya buga daga wani daban a gasar ƙirga bugu, tarar bugu biyu ce, kuma sai ya dawo ya sake daga wurin da ya dace. In bai gyara ba har ya fara rami na gaba, an fitar da shi. A karawar mutum da mutum babu tara, amma abokin karawa yana da ikon ya ce a soke bugun a sake.

A wasa ɗaya ana tsayawa kan launin da aka fara da shi, sai fa in kulob ya tsara wani haɗin launi biyu ya rubuta shi a kati.

Ga ɗan uwa mai riƙon jaka

Wannan sashe naka ne. Aikin kadi ba ɗaukar kaya kaɗai ba ne. Doka ta ba shi damar ba maigidansa shawara, kuma wanda shawararsa ke amfani shi ake sake nema gobe. Ka haddace tsawon kowane mafari a filinku. Ka san ramukan da ke da ruwa ko kwari a gaba, da nisan da ake buƙata a tsallake su. Baƙo in ya zo, ka kalli bugunsa a wurin atisaye kafin a fita.

In ka ga zai nufi mafarin da ya fi ƙarfinsa, kada ka ce masa ba zai iya ba. Babban mutum ba ya son haka a gaban abokansa. Ka ba shi lamba kawai: ranka ya daɗe, daga nan sai an yi mita 170 a sama kafin a tsallake ruwan can, daga na gaba kuwa 130 ne. Sai ka yi shiru, zaɓi nasa ne. Wanda ya gama wasa da fara'a da ƙwallayensa a jaka, hannunsa ya fi sakewa wajen sallama.

Ranar da kulob ya ba ku dama ku ma ku buga, kada ƙuruciya ta ja ka can baya. Manyan zakarun duniya irin su Lee Trevino na Amurka da Seve Ballesteros na Sifen da riƙon jaka suka fara. Ka fara daga gaba, ka iya jefa ƙwallo inda ka nufa, nisa zai zo daga baya.

Abin riƙewa

Ka auna bugunka na kullum. Ka ninka na ƙarfe mai lamba 5 sau 36, ko na direba sau 28. Ka duba jimillar da ke kan kati, kada ka bi launi. In kana shakka, matsa gaba. In wasa ya yi maka sauƙi a kai a kai, ja da baya mataki ɗaya. Daidai ruwa daidai tsaki.

Na gida da ke da ɗa ko ƙane a Kano, Dutse, Kaduna, Abuja ko Yamai yana wannan aiki, a tura masa wannan bayani ta WhatsApp. Allah ya ba kowa sa'ar nema, ya dawo mana da na nesa lafiya.